Su wane "son" da su wane "sen": wai duk 'yan gida ɗaya ne?

Ɗan_Kurna: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi mini dariya. Jiya a gidan kallo muka kaure da gardama har sai da mai gidan ya kashe janareta ya kore mu. Wani ne ya tuno wasan Najeriya da Aislan a gasar cin kofin duniya ta 2018, wanda Ahmed Musa ya zura ƙwallo biyu. Ya ce 'yan wasa goma sha ɗayan da Aislan ta fara da su duk sunansu da "son" ya ƙare, su Halldórsson, Gunnarsson, Finnbogason, har da Sigurðsson guda biyu. Wai a cewarsa duk dangi ɗaya ne tunda ƙasar 'yar mitsitsiya ce. Na ce ba haka ba ne, da aka ce in kawo hujja sai na yi tsuru-tsuru. Sannan me ya sa na Danmak su "sen" ne kamar Eriksen, amma Haaland da Ødegaard na Norwe ba su da ko ɗaya? Yau da daddare zan koma, ba na son in sake shan kunya.

Bakatsine_77: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya. "Son" ɗin nan ɗa yake nufi, shi ke nan. Gunnarsson ɗan Gunnar, Halldórsson ɗan Halldór. "Sen" kuma shi ne dai, bakin mutanen Danmak da Norwe ne ya tauna shi ya koma haka.

Sarkin_Zolaya: Wato Ɗan'azumi da Ɗanjuma 'yan gida ɗaya ne tunda duk da "ɗan" suka fara. Ka gaya wa mutumin naka haka, ka ga ko zai iya amsawa.

Malam_Mai_Alli: Ɗan_Kurna, bari in ɗan faɗaɗa maka yadda za ka je da ƙarfinka. A da can, duk yankin Sikandinebiya, wato Danmak da Norwe da Suwidin, ba su san wani abu wai sunan dangi da ake gada kaka da kakanni ba, in ka cire masu sarauta da wasu 'yan birni. Mutum sunansa na yanka ne, sai a liƙa masa na ubansa. In Anders ya haifi Lars, yaron Lars Andersson ne. In Lars ya haifi Erik, shi kuma Erik Larsson. Ka ga daga uba zuwa ɗa sunan baya yana canjawa. Mace kuma ba a ce mata "son", sai "dotter" ko "datter", wato 'yar wane. Ashe ba yadda muke yi ba ke nan? Musa Ibrahim ya haifi Sani, yaron Sani Musa ne, ba Sani Ibrahim ba.

Abin da ya sauya lamarin hukuma ce, don tana son ta san wanda za ta karɓi haraji a hannunsa, da wanda zai ci gado, da wanda za ta ɗauka soja. Danmak ta yi doka a 1828 cewa kowane yaro a sa masa tsayayyen sunan dangi. Mutanen ƙauye suka yi kunnen uwar shegu, sai da aka sake ƙarfafa dokar a 1856. Suwidin ta tsara nata a 1901, Norwe kuma a 1923. Sai sunan ya daskare a kan kakan da doka ta riska. Eriksen na yau ba dole ne sunan babansa Erik ba, wani kakansa ne can baya. Wannan ne ya sa Nielsen da Jensen da Hansen suka cika Danmak maƙil, Andersson da Johansson da Karlsson suka cika Suwidin, Hansen da Johansen da Olsen suka cika Norwe.

Aislan ce kaɗai ta riƙe tsohon tsarin har yau. Hasali ma a 1925 doka ta hana ƙirƙirar sabon sunan dangi a can. Sigurðsson biyun da ka gani, Gylfi da Ragnar, abin da ya haɗa su kawai shi ne kowanne sunan babansa Sigurður.

Ɗan_Kurna: Allah ya ƙara ilimi Malam. Gylfin nan ai shi ne ya zubar da fanareti a wasan. To Haaland fa?

Oga_Sabon_Gari: Haaland ai Holland ne, kakanninsa daga can suka zo, rubutun ne ya ɗan karkace.

Ɗalibi_a_Bergen: A'a yayana Oga_Sabon_Gari, ba ruwansa da Holan. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Norwe, kuma wannan shi ne abin da ya fara ɗaure mini kai. Sunan gona ne. Asalin rubutun Håland, ma'anarsa ƙasa mai tudu. Wancan "aa" tsohuwar hanyar rubuta harafin "å" ce, ana furta shi kusa da "o". Norwe ta karɓi "å" a 1917, Danmak sai 1948, amma iyalai da yawa suka bar tsohon rubutun a sunansu. Shi ya sa in ɗan Norwe ya kira shi za ka ji kamar Holan, wataƙila nan ka samo.

A ƙauyukansu da, mutum suna uku gare shi: nasa, na ubansa, da na gonar da yake zaune. Na ukun nan adireshi ne kawai. In ya tashi ya koma wata gona, sunan ya canja. Da dokar 1923 ta zo, wasu suka zaɓi na uba, wasu suka riƙe na gona. Braut ɗin da ke tsakiyar sunan Erling kuma na gidan mahaifiyarsa ne.

Na Ødegaard ya fi ban tausayi. Ødegård na nufin gonar da aka watse aka bari. A 1349 annobar nan da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta shigo Norwe ta jirgin ruwa a nan Bergen, ta kashe kusan rabin jama'a ko fiye. Gonaki suka zama ba kowa. Bayan ƙarnoni da mutane suka sake yawa, waɗanda suka koma suka raya waɗannan wurare sai sunan ya bi su.

Sarkin_Zolaya: Ka ce kyaftin ɗin Arsenal sunansa Martin Kufai. Wallahi yau na samu abin tsokanar maƙwabcina.

Hajiya_Tudun_Wada: Ɗalibi_a_Bergen, wannan na gona ai bai zama baƙo a wurinmu ba. Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Isa Kaita, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sunan gari ne. Babana ya ce a makarantar kwana ta zamaninsu in an tara Muhammadu biyar a aji ɗaya, sai malami ya raba su da garuruwansu, sunan kuma ya bi mutum har kabari. Yanzu ga jikoki an haife su a Abuja suna amsa sunan ƙauyen da ba su taɓa kwana a cikinsa ba.

Ni abin da ya fi jan hankalina na matan ne. Malam ya ce "dotter". Har yanzu ana yi?

Malam_Mai_Alli: Ana yi a Aislan, Hajiya, "dóttir" suke rubutawa. Vigdís Finnbogadóttir da ta shugabanci ƙasar daga 1980 zuwa 1996, mace ta farko a duniya da aka zaɓa shugabar ƙasa ta hanyar ƙuri'ar jama'a, 'yar Finnbogi ce. Katrín Jakobsdóttir da ta yi firaminista 'yar Jakob. Wadda aka zaɓa shugaba a 2024 Halla Tómasdóttir, 'yar Tómas. Kuma mace ba ta sauya suna don ta yi aure, tunda aure ba ya mayar da ita 'yar wani. Sai ka ga gida ɗaya mutum huɗu, miji da mata da ɗa da 'ya, kowa da nasa sunan ƙarshe daban. Littafin lambobin wayarsu ma da sunan yanka aka jera shi, kuma ko shugaban ƙasa da sunan yanka ake kiransa, ba rashin kunya ba ne a wurinsu.

Hajiya_Tudun_Wada: Alhamdu lillahi. To ina 'yan matanmu masu goge sunan uba ranar ɗaurin aure su maƙala na miji, wai su wayewa? Ga Turawa can ƙarshen duniya ba sa yi. Nana Asma'u har ta koma ga Allah 'yar Shehu ake ce mata, ba a taɓa jingina ta ga Giɗaɗo a suna ba.

Ummu_Khairat: Hajiya a yi mana adalci. Wasunmu ba son rai ba ne. Lokacin da muka je neman takardun tafiya ni da yara, ma'aikacin wani ofishi ya dube ni ya ce ta yaya zai yarda 'ya'yana ne alhali sunan ƙarshe bai zo ɗaya ba. Sai da na yi wata uku ina zarya da takardar rantsuwa. Mace ta gaji ta sauya, sai a ce ta bi Yahudu da Nasara.

Almajirin_Zaure: Allah ya ba da haƙuri Ummu_Khairat, uzurinki a fili yake. Amma asalin hukuncin ma a fili yake, Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da iyayensu maza, shi ne mafi adalci a wurin Allah. Larabawa da "bin" da "bint" suke yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ai haka ne, Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne, malami ke nan da Fulatanci. Fom ɗin da aka kawo mana mai gurbin sunan dangi shi ya rikita mu, don an ɗinka rigar ne da awon wasu.

Bakatsine_77: Wannan gaskiya ne. Mu bakwai ne a ɗakinmu, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a takardun makaranta sunan ƙarshe iri uku muke da shi. Babban yaya ya sa sunan Baba, ni aka sa mini na kaka, autarmu kuma sunan unguwa. Ranar rabon gado sai da aka kira mai unguwa ya yi shaida.

Zinder_Damagaram: A wajenmu Nijar har yanzu galibi sunanka da na babanka ne a takarda, illa dai rubutun Faransanci da ke mai da Yusufu Issoufou, Usmanu Ousmane. Wanda ya je Faransa karatu shi ke gamuwa da tambayar wanne ne sunan dangi. Ina ganin mu da mutanen Aislan za mu fahimci juna ba tafinta.

Oga_Sabon_Gari: Na karɓi gyara a kan Haaland. To amma Malam ya ce Aislan duk ɗan wane ne, ina Gudjohnsen na Chelsea da Barcelona? Shi "sen" ne kuma ɗan Aislan ne. Babansa kuma na san Arnór ne.

Malam_Mai_Alli: Ka kama ni a nan, kuma tambayar ta yi kyau. Akwai iyalai ƙalilan da suka riga suka mallaki sunan dangi kafin a rufe ƙofa, aka bar musu abinsu. Guðjohnsen na cikinsu. Shi Eiður ɗin, wato na Chelsea da ka ambata, a 1996, a wasa da Estoniya, ya shigo canji ne aka fitar da babansa Arnór. Akwai kuma masu jingina kansu ga uwa. Heiðar Helguson da ya buga wa Watford da Fulham, Helga sunan mahaifiyarsa ne.

Sarkin_Zolaya: A Kano ka kira ƙato da sunan uwarsa a bainar jama'a, sai dai a raba ku a asibiti.

Gwaggo_Ladi: Kai yaro, ba ko'ina ba. A gidan da mata suke da yawa ai da ɗaki ake rarrabe 'ya'ya, a ce Sani na Hajiya Babba, Sani na Amarya. Ba a rubutawa ne kawai. Ni dai tambayata daban ce. Sunayen yankan nasu fa, suna da ma'ana kamar namu? Ni Ladi ce don ranar Lahadi aka haife ni, ƙanena Tanko don mata uku ya biyo.

Ɗalibi_a_Bergen: Suna da ita Gwaggo, kashi biyu ne manya. Akwai na gargajiya tun zamanin Bikin (Viking), mayaƙan jiragen ruwan nan, kafin Kiristanci ya iso musu wajen shekara dubu da ta wuce. Waɗannan da yawa dabbobi ne da yaƙi da abin bautarsu. Bjørn wata dabbar daji ce mai ƙarfi ta ƙasashen sanyi, Ulf kyarkeci, Arne gaggafa. Harald mai jan ragamar runduna. Sigurd ya haɗa nasara da tsaro. Erik mai mulki na dindindin. Sven saurayi kawai yake nufi, Karl kuma namiji ɗa, wanda ba bawa ba. Duk sunan da kika ji da Tor a gaba, Torbjørn, Torsten, Torvald, daga Thor ne, abin bautarsu na tsawa.

Kashi na biyu na coci ne, sai dai sun murɗe su yadda ba za ki gane ba. Jens, Hans, Johan, Jon, duk Yohanna ne. Per Bitrus ne. Anders Andarawus. Mads da Mats daga Matiyu da Matiyas. Nils ko Niels daga Nikolas, Lars daga Laurentius.

Na ranar haihuwa irin Ladi da Talatu ban gamu da shi ba. Amma a kalandar Suwidin kusan kowace rana da sunan da aka ware mata, mai sunan a taya shi murna ranar.

Bakatsine_77: Ke nan Hansen da Jensen da Johansson da Johnson na Ingila duk Ɗan Yahaya ne.

Almajirin_Zaure: A yi hattara kaɗan. Mutumin ɗaya ne, Annabi Yahaya ɗan Zakariyya alaihimas salam shi Kiristoci ke kira Yohanna Mai Baftisma. Amma ko kalmar Yahaya da kalmar Yohanna tushensu ɗaya, malaman lugga sun yi saɓani, wasu malamanmu na danganta Yahaya da rayuwa ne. Ka ce sunan mutum ɗaya ne a harsuna biyu, ka tsira.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne sun yi shekara dubu da barin bautar Thor amma suna ta sa sunansa. Mu da Musulunci ya zo, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam canja munanan sunaye ya riƙa yi, ya mai da Barra Zainab, ya mai da wata Jamila.

Malam_Mai_Alli: Almajirin_Zaure, su a wurinsu ma'anar ta riga ta mutu, amo ne ya rage. Ranar Alhamis torsdag suke ce mata, ranar Thor, kuma "Thursday" ta Ingilishi da kake rubutawa kullum a takarda ita ce dai. Mu ma wa yake tuna dalilin Ajuji ko Ayashe in ba tsofaffi ba? Sunaye ne na uwar da 'ya'yanta ke mutuwa, a nuna kamar ba a damu da jaririn ba don ya tsaya. Sunan yanka na Musulunci yana nan, wannan kuma yana biye da shi.

Asabar kuma lørdag ce a Norwe da Danmak, daga tsohuwar kalmar da ke nufin ranar wanka.

Sarkin_Zolaya: To ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ashe Asabe sunanta Wanke a can, Ɗanlami kuma Thor ne da gudumarsa. Gwaggo_Ladi a gaishe da Kawu Ɗanlami.

Gwaggo_Ladi: Ja'iri. Zan haɗa ka da shi.

Injiniya_Malmo: Na shigo a makare. Ina zaune a Suwidin da iyali. Ba wanda ya taɓo irin sunayen da na fi so, na itatuwa da duwatsu. Da mutane suka fara shigowa birni suka ga kowa Andersson ne, sai masu sana'a suka riƙa ƙera wa kansu suna, su ɗauki kalma biyu su haɗa. Berg dutse, ström ƙorama, ga Bergström. Lind wata bishiya ce, gren reshe, ga Lindgren. Sjö tafki, ga Sjöberg. Lund kurmi, dal kwari, holm ɗan tsibiri. Ljungberg na Arsenal ta da, ljung wani ɗan tsiro ne mai fure da ke rufe tsaunukansu. Sau da yawa rabin farko daga sunan ƙauyen mutum aka gutsuro shi, na biyun kuma don daɗin ji ne kawai, kada ka wahalar da kanka neman hikima a ciki.

Masu ilimi kuma Latin suka bi. Carl Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake sa wa tsirrai da dabbobi sunan kimiyya, babansa Nils Ingemarsson ne. Da baban zai shiga jami'a ya ɗauki suna daga wata ƙatuwar bishiyar lind da ke gonarsu. Nobel mai kyautar nan, asalinsa Nobelius, daga wani ƙauye Nöbbelöv a nan kudu inda nake. Celsius na awon zafi shi ma fassarar sunan tudun garinsu ne zuwa Latin.

Sai na soja. Tun wajen 1680 aka ɗora wa ƙauyuka ɗaukar nauyin soja ɗaya-ɗaya, tsarin bai ƙare ba sai 1901. Hafsa ya ga Johansson goma a gabansa, sai ya raɗa wa kowa gajeren suna: Rask mai zafin nama, Modig jarumi, Stark ƙaƙƙarfa, Svärd takobi. Har yau akwai iyalai masu amsa su.

Hajiya_Tudun_Wada: Linnaeus ɗin nan ai Abubakar Rimi ne nasu. Shi ma Rimi ƙauye ne, ƙauyen kuma bishiya ce ta ba shi suna.

Oga_Sabon_Gari: Injiniya, kai da ke Malmo, Ibrahimović fa? Na ga Ibrahim a ciki. Kuma su Finlan da ke ƙarewa da "nen" su ma ɗan wane ne?

Injiniya_Malmo: Zlatan a nan Malmo aka haife shi a 1981, amma sunan ba na Suwidin ba ne. Babansa Musulmi ne ɗan Bosniya, mahaifiyarsa 'yar Kuroshiya. "Ović" a harsunansu shi ma ɗan wane ne, wato zuriyar Ibrahim, Zlatan kuma na zinariya. Alexander Isak iyayensa 'yan Eritiriya ne. Henrik Larsson babansa ɗan tsibiran Kef Bade ne a Afirka ta Yamma, Larsson na mahaifiyarsa ne aka sa masa don ya fi saurin shiga cikin jama'a. Schmeichel na Danmak kuma tushensa Folan.

Finlan kuwa harshensu ba dangin na sauran ba ne sam, kuma in za a tsananta ba ta cikin Sikandinebiya, wadda ita ce Danmak da Norwe da Suwidin. In an haɗa da Finlan da Aislan sai a ce ƙasashen Nodik. "Nen" ɗinsu ƙaramtawa ce ko danganta mutum da wuri. Virtanen daga kalmar kogi mai gudu yake.

Ɗalibi_a_Bergen: In ƙara a kan na Injiniya, a birnin Oslo an yi shekaru a jere sunan da aka fi sa wa jarirai maza shi ne Muhammad, in an haɗa duk salon rubuta shi. Duk shekara in alƙaluman suka fito sai an yi ta cece-kuce a jaridu.

Nima_Zango: Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Ku kuna ganin abin a talabijin, mu maƙwabtanmu ne. Danmak ta yi zama a gaɓar tekun Gana, fadar Osu da aka daɗe ana mulki daga cikinta su suka gina, Christiansborg sunanta, sai a 1850 suka sayar wa Ingila wurarensu. Mazajensu sun auri matan ƙabilar Ga, shi ya sa har yau akwai gidajen Quist, Reindorf, Richter, Wulff a Osu. Kakakin majalisar dokokin Gana na farko Emmanuel Quist ne. Baƙaƙe ne kamar ni da kai.

Ɗan_Numan: Mu ma a Adamawa muna da namu. Likita ɗan Danmak Niels Brønnum ya iso Numan a 1913, daga aikinsa cocin Lutheran ta Najeriya ta samo asali, kuma makarantar horar da fastoci da ke kusa da Yola sunansa take amsawa. A Ngaundare ta Kamaru kuma 'yan mishan na Norwe ne suka zauna. Yau na san Niels ɗin Nikolas ne.

Malam_Mai_Alli: Tunda an zo gida, ga wani. Mayaƙan Bikin sun zauna a tsibiran Sikotlan, sunan Olaf ya shiga bakin mutanen wurin, aka sami MacAulay na tsibirin Lewis, ɗan Olaf ke nan, don "Mac" ma ɗa ne. Daga zuriyar nan Zachary Macaulay ya fito, wanda ya yi gwamnan Saliyo. Bayin da aka 'yanta a Saliyo sun riƙa ɗaukar sunayen Turawa, ta nan sunan ya iso Legas, ga Herbert Macaulay da hotonsa ke kan tsohuwar naira ɗaya. A Rasha ma Igor daga Ingvar ne, Oleg daga Helgi, Olga daga Helga.

Mai_Gyaran_Waya: Ni duk wannan tarihi ya fi ƙarfina, amma na san ɗaya. Bluetooth ɗin wayarku sunan sarkin Danmak ne, Harald Blåtand, mai shuɗin haƙori, wanda ya haɗa kan ƙasar a ƙarni na 10. Tambarin ma haruffan H da B ne na tsohon rubutunsu aka ɗora ɗaya kan ɗaya.

Sarkin_Zolaya: Ruɓaɓɓen haƙori ne fa aka yi masa kara. Amma laƙabinsu ya yi kama da namu: Erik Ja, Harald Mai Kyan Gashi, Sven Mai Gemu Biyu. Mu kuma ga Bawa Jan Gwarzo, ga su Dogo da Jatau da Duna a kowace unguwa.

Ummu_Khairat: Wai da gaske ne a can sai hukuma ta yarda kafin ka sa wa ɗanka suna?

Injiniya_Malmo: Da gaske ne, tsananin ne ya bambanta. Aislan ta fi kowa, tun 1991 take da kwamiti na musamman. In sunan ba ya cikin rajista sai ka nemi izini, kuma dole ya iya bin nahawun harshensu. Akwai yarinyar da aka hana wa sunan Blær, wai na maza ne, takardunta suka yi shekaru suna ɗauke da kalmar "yarinya" kawai, sai a 2013 kotu ta ba ta gaskiya. Danmak na da jerin sunayen da aka amince da su. A nan Suwidin hukumar haraji ce ke rajistar suna. Wasu iyaye sun taɓa kai mata wani dogon jerin baƙaƙe da lambobi, suka ce wai Albin ake furta shi, don nuna adawa da dokar. Kotu ta ƙi a 1996.

Hajiya_Tudun_Wada: Wallahi da za a kawo mana kwamitin nan da na yi murna. Yanzu sai a buɗe waya a tsinto kalma mai daɗin amo a sa wa yarinya, ba a tambayi kowane malami ma'anarta ba.

Bakatsine_77: Hajiya a rufa mana asiri. Wanda bai iya gyara harafi ɗaya a takarda cikin wata shida ba, shi za a ba ikon zaɓa wa ɗana suna? Ranar suna ta zo rago na ɗaure, ana jiran sa hannun wani?

Almajirin_Zaure: Haƙƙin uba ne, ba na hukuma ba. Sai dai a yi wa'azi.

Zinder_Damagaram: Amma ku lura, duk wanda ya yi magana a nan ya yaba wa Aislan, alhali su ba su kai rabin miliyan ba, kuma suna da kundin nasaba da kusan kowa ke ciki. Gari kamar Kano mai Sani Musa dubu nawa, anya tsarin sunan uba zai ɗore a zamanin kwamfuta? Danmak ba don ƙin al'ada ta daskarar da nata ba.

Malam_Mai_Alli: Daskarewar ma ba ta raba gardama ba, ɗan'uwa, tunda ta bar su da Jensen da Nielsen ba iyaka, har mutane suka koma neman sunan tsakiya ko na gona don a bambance su. Lambar ɗan ƙasa ce ta warware musu, ba suna ba. Kuma Danmak da Suwidin duk sun sake buɗe ƙofa, wanda yake so yanzu zai iya sa wa ɗansa sunan uba irin na da.

Zinder_Damagaram: Ban gamsu duka ba Malam, amma sai na dawo daga masallaci.

Ɗan_Kurna: Jama'a na dawo daga gidan kallo. Na zayyana masa komai, dokar 1925, Sigurðsson biyu, har da Martin Kufai. Ya yi shiru, can sai ya ce to ai tunda suna da kundin da ya nuna kusan duk sun haɗa kaka in aka yi baya sosai, maganarsa ta dangi ɗaya tana nan. Wai a cikinku wa ya ba shi wannan amsar? Don na ga alamar yana zauren nan.

Oga_Sabon_Gari: Ni ne mai jar hular da ke bayanka. Gobe ka zo da wuri, akwai maganar Gyökeres.